Iskar Radon: Abin da Ya Kamata Mai Juna Biyu da Iyalinta Su Sani

'Yar'uwa mai juna biyu, idan kin zo awo mukan duba nauyinki da jininki da fitsarinki, mu saurari bugun zuciyar abin da ke cikinki. Amma akwai abin da ba ma iya aunawa a nan asibiti, wato iskar ɗakin da kike kwana, wanda a cikinsa za ki yi jego in Allah ya sauke ki lafiya. A wannan fitowa zan yi miki bayani, ke da maigida, a kan wata iska da ake kira radon.

Radon daga ƙasa take fitowa. Kusan ko'ina a duniya akwai ɗan ma'adinin yuraniyom a cikin duwatsu da turɓaya. A hankali yakan rikiɗe ya zama radiyom, shi kuma ya saki radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ba ta sa tari ko ciwon kai da za a ce an gane ta. A fili takan baje ta bi iska. Matsalar ita ce idan ta shigo ɗaki ta tsagar daɓe, ko ta inda bango ya haɗu da ƙasa, ko ta ramin da aka bi da bututun ruwa, sannan ta rasa hanyar fita.

Idan an shaƙe ta, burbushinta kan maƙale a hanyoyin numfashi, yana fitar da wani irin tartsatsi da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayoyin halittar huhu. Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, sai an yi shekaru ana shaƙa kafin ya kai ga ciwon daji na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa radon ce sanadin kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na wannan ciwo, gwargwadon ƙasar da ake magana a kanta. Bayan taba sigari, ita ce ta biyu.

Kada hankalinki ya tashi. Cutar da aka tabbatar radon na kawowa ta huhu ce, ba a tabbatar tana zubar da ciki ko tana nakasa jariri ba. Abin da ya sa na kawo maganar shi ne, ke da yara ku ne kuka fi daɗewa a cikin ɗaki, kuma yaron da za ki haifa a gidan nan zai girma.

Maigida, ga taka. Haɗarin radon ga mai shan sigari ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. Idan kana sha, barinta shi ne babban gyaran da za ka yi wa gidanka, tun kafin a zo ga maganar siminti.

Ta yaya za a san ko akwai ta? Sai an auna, babu wata hanya. A shekarar 1984, wani injiniya mai suna Stanley Watras da ke aiki a tashar lantarki ta nukiliya ta Limerick a jihar Pennsylvania ta Amurka ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar binciken ma'aikata. Da aka bi diddigi, sai aka gano daga gidansa yake ɗauko abin a jikinsa. Yana zaune da iyalinsa lafiya lau a ganinsu, alhali radon ta cika gidan. Daga nan ne aka ɗauki awon gidaje da muhimmanci a can.

Ana ƙidaya radon da ma'aunin bekerel, a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. A waje yawanci 5 ne zuwa 15. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada iskar gida ta wuce 100, inda hakan bai yiwu ba kuma kada ta haura 300. Gidan Watras ya kai kimanin 100,000.

Abin awon ɗan ƙaramin gwangwanin roba ne da bai cika tafin hannu ba, ba ya buƙatar lantarki ko batir. Ana ajiye ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a falo, a kan kabad ko kanta, nesa da taga da ƙofa da murhu, inda yara ba za su ɗauka ba. A bar shi aƙalla wata uku, domin yawan radon kan sauya tsakanin dare da rana, da tsakanin hunturu da bazara. Bayan haka a mayar da shi ɗakin gwaji a karanta. Kada a ce maƙwabci ya auna nasa lafiya, gida biyu masu katanga ɗaya kan bambanta ƙwarai. A Nijeriya hukumar NNRA ce ke kula da harkar irin wannan tururi, masana kimiyyar fiziks a jami'o'inmu kuma suna yin wannan awo a bincikensu, don haka can ne wurin fara tambaya.

Waɗanda na fi so su kula su ne mazauna ƙasa mai duwatsu, musamman yankin Jos, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Yashin da aka zubar bayan wanke kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da wannan tururi. Komai arharsa, kada a yi bulo ko yaɓe ko cikon daɓe da shi.

Idan awo ya nuna ta yi yawa, ba sai an tashi daga gidan ba. A liƙe tsagogin daɓe da gindin bango da siminti, a samar da taga biyu masu kallon juna. Liƙi kaɗai ba ya isa idan adadin ya yi sama sosai, sai a sa bututu mai fanka da zai zuƙo iskar daga ƙarƙashin daɓe ya fitar da ita ta saman rufi. Mai sabon gini ya shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe. Bayan gyara a sake aunawa.

Na san al'adarmu ta ɗakin mai jego: a rufe taga, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, wai kada sanyi ya kama uwa da ɗa, balle a lokacin hunturu. A lulluɓe jariri da kyau, a sa masa hula da safa, amma a buɗe taga da hantsi iska ta ratsa. Kaskon garwashi kuwa kada ya kwana a rufaffen ɗaki. Tasa iskar daban ce da radon, ita ma ba ta da wari, kuma tana iya kashe uwa da jariri a dare ɗaya.