Kare mai tsoro: yadda ake saba masa da sauran karnuka

Jama'a manoma da makiyaya, da yawa daga cikinmu muna da kare a gida. Shi ke gadin garka, shi ke bin garke zuwa daji, shi ke korar dila daga awaki da dare. Amma akwai karen da in ya hangi wani kare sai ya soke wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, jikinsa na rawa. Wani ya ruga ya shige ƙarƙashin rumbu. Wani kuma ya tsaya yana ta haushi, har a ce jarumi ne, alhali tsoro ne ya cika shi. Irin wannan kare ba ya yin aikin da aka ajiye shi dominsa. Kuma yana da haɗari, domin karen da ya tsorata, ya rasa hanyar gudu, cizo yake yi. Sau da yawa yaron da ya zo rabon faɗa shi ke shan cizon.

Yawanci tsoron nan daga ƙuruciya yake farawa. Kwikwiyo yana koyon zama da ƴan uwansa tun yana da sati 3 har zuwa sati 12 da haihuwa. A wajen wasa yake gane cewa cizo da zafi, kuma uwarsa tana tsawata masa in ya wuce gona da iri. Saboda haka kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika sati 8. Wanda aka ɗauke tun bai yi ƙwari ba, aka ɗaure shi shi kaɗai a bayan gida, yara na jifarsa, to zai tashi bai san harshen karnuka ba. Ku dubi karnukan Buzaye na Azawak, a arewacin Tawa, dogayen nan sirara. Ba su yarda da baƙo da wuri, amma tare suke tashi a cikin bisashe, kowane ya san ɗan uwansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To in kare ya riga ya girma da tsoro fa? Ana iya gyara shi, amma ba da sanda ba. In ka doke shi lokacin da yake haushin wani kare, abin da zai riƙe shi ne: duk sa'ad da kare ya ɓullo, duka na tafe. Ka ga tsoro ya zama biyu. Haka kuma masu jefa shi tsakiyar karnukan unguwa wai don ya saba, ɓata shi suke yi.

Ka nemi maƙwabci mai babban kare natsattse, wanda ba ya faɗa. Karya mai shekaru takan dace da wannan aiki. Ku haɗu a fili, ba a gidanka ba, ba a gidansa ba, domin kowane kare yana kishin gidansu. Kowa ya riƙe nasa da igiya, amma a sake ta kaɗan, kada a shaƙe shi. Ku tsaya nesa da juna, kamar taki 30. In karenka ya dubi ɗayan bai firgita ba, ka ba shi ɗan ƙanzo ko guntun nama, ka yi masa magana a hankali. In ya ƙi karɓar abincin, ko yana ta hamma, yana lasar baki, yana kau da kai, to kun yi kusa da yawa. Ka ja da baya. Minti 10 sun isa a rana ɗaya.

Kowace rana a rage nisan kaɗan. Daga nan sai ku riƙa tafiya hanya ɗaya, kai da naka a wannan gefe, shi da nasa a wancan. Kada ku haɗa su fuska da fuska, domin a wajen karnuka wannan neman faɗa ne. Ran da suka kusanci juna, a bar su su sunsuni juna ɗan lokaci kaɗan, sannan kowa ya kira nasa tun ba a kai ga gurnani ba. Kada a ajiye ƙashi ko akushin abinci tsakaninsu, kuma yara su tsaya nesa. Wani kare sati 2 ya ishe shi, wani sai an yi watanni. Wani ma ba zai taɓa son wasa ba. In dai yana iya wuce ɗan uwansa a hanya ba gudu ba cizo, buƙata ta biya.

Sai dai kafin a fara duk wannan, a tabbata an yi wa karnukan biyu allurar rigakafin haukan kare. Ana yin ta tun kwikwiyo yana da wata 3, kuma likitan bisashe zai gaya muku lokacin sake ta. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

A lura da kyau: karen da ya tashi da tsoro dabam, karen da halinsa ya sake rana ɗaya dabam. In kare mai lafiya ya soma ɓuya, ko yana cizon duk abin da ya tarar, yawu na zuba, ya kasa haɗiya, wannan ba na horo ba ne. Kada kowa ya taɓa shi, a kira likitan bisashe. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.