Atisayen ƙarshe na Michael Jackson: abin da mai rumfa da mai garke za su tsinta

 Shirin kasuwa na wannan mako ya ɗan ratse hanya. Mun ajiye farashin gero da na bijimi, muka ɗauko labarin wani mawaƙin Amurka, Michael Jackson, wanda ya mutu ranar 25 ga Yunin 2009. Na san wani dattijo zai ce, kai yaro, me ya haɗa kifi da kaska? A yi haƙuri, Baba, ba kiɗan muka zo yabo ba. Yadda mutumin yake shirya aikinsa muka leƙa, da kuma inda aikin ya fi ƙarfinsa.

Ga yadda abin ya faru. A watan Maris na 2009 ya ba da sanarwa a Landan cewa zai yi wasa a wani ƙaton zaure mai suna O2, mai cin mutum wajen dubu ashirin. Rabonsa da zagayen wasa tun 1997. Da farko wasa goma aka shirya. Da kamfanin da ya ɗauki nauyin abin ya ga yadda ake wawason tikiti, sai aka mai da shi hamsin, daga Yulin 2009 har zuwa Maris na 2010. Aka shiga atisaye a birnin Los Angeles, ana yi ana ɗauka da kyamara. Saura kwana 18 a fara wasan farko ya mutu. Hotunan atisayen nan su aka harhaɗa aka fitar da fim mai suna This Is It a watan Oktoban shekarar. Ke nan wasan kansa ba wanda ya gani. Abin da aka saba ɓoyewa, wato shirin bayan fage, shi duniya ta kalla.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya san hajarsa. Mutumin nan yana da shekara hamsin, tun yana ɗan yaro yake waƙa da ƴan uwansa, amma za ka gan shi ya tsayar da makaɗa kan abu ɗan ƙanƙane: nan an yi gaggawa, can an shigo kafin lokaci. Akwai inda ya zauna da shugaban makaɗansa suna ta maimaita mabuɗin waƙa ɗaya, yana so a kaɗa ta yadda take a faifai, don ita mutane suka sani, ita suka biya kuɗi su ji. Bai bar wa yaransa wannan ba don shi ne maigida.

To mu dawo gida. Mutum nawa ne cikinmu ke loda buhun wake ko albasa zuwa ƙetare ba tare da ya kwance ko buhu ɗaya ya duba ba? Ka yarda da yaro, yaro ya yarda da mai awo, mai awo ya cusa tsohon kaya a tsakiya. Sai kaya sun wuce duwan, sun wuce kwastan, an biya mota, an biya ƴan dako, sannan mai saye ya soka hannu ya zaro ruɓaɓɓe. A nan ba buhu ɗaya ka rasa ba, mutumin ka rasa, da duk wanda zai gaya wa. Masu dabbobi sun fi mu gane wannan. Wanda zai kai raguna Maigatari ranar Alhamis ba ranar Alhamis yake fara shiri ba: tun da sauran makonni ya ware na sayarwa, ya duba haƙori da kofato, ya san wanda ke tari, ya san wanda tafiya za ta ramar. Garso ma haka yake, sai ya riga garke gaba ya ga ciyawa da mashaya kafin a tashi. Atisayen ke nan, suna ne kawai ya bambanta.

Sai yadda yake gyara wa mutanensa. A fim ɗin ba a ji ya ɗaga murya ba. Zai faɗi abin da bai yi ba dalla-dalla, a hankali, ya nuna cewa don aikin ya yi kyau ne, sannan a sake. Akwai wata matashiya ƴar Ostireliya mai kaɗa jita, Orianthi. Ya matsa mata ta fito gaba ta nuna kanta, ya tsaya gefenta yana zuga ta. A kwatanta da James Brown, wani shahararren mawaƙin Amurka wanda shi Jackson ɗin ya koyi rawa daga kallonsa. Shi ma gwani ne wajen horar da makaɗa, amma tara yake cin su in sun yi kuskure, ko in takalmi bai sha goga ba. A 1970 akasarin makaɗansa suka watse suka bar shi kan rigimar kuɗi.

Alhaji mai shago, wannan taka ce. Yaron da ka zaga a gaban mai saye don ya yi kuskuren canji tsakanin naira da sefa, ba lissafi ka koya masa ba, ɓoye kuskure ka koya masa. Gobe in ya sake, ba za ka ji ba sai kuɗi sun yi giɓi. Haka ɗan kiwon da ake yi wa tsawa kullum: ran da saniya ta fara ɗingishi shiru zai yi, har ƙafar ta kumbura. Sai dai a nan zan ja birki kaɗan. Waɗanda suka zuba kuɗi a wasan suna da hannu a fitar da fim ɗin, kuma kowa ya san mai talla ba ya ɗora ruɓaɓɓen tumatir a saman faranti. Abin da aka nuna mana zaɓaɓɓe ne.

Ragowar labarin a kotu aka ji shi. Daraktan wasan, Kenny Ortega, ya ba da shaida cewa ƴan kwanaki kafin mutuwar ya ga Jackson ba shi da lafiya a wurin atisaye, yana rawar sanyi, har ya sa ya koma gida, kuma ya rubuta wa shugaban kamfanin yana nuna damuwa. Ashe mutumin ba ya iya barci. Likitansa, Conrad Murray, yana yi masa ƙarin wani magani mai suna propofol da dare, irin wanda ake sumar da mutum da shi a ɗakin tiyata, ba na ɗakin kwana ba. Shi ya kashe shi. A watan Nuwamban 2011 kotu ta sami likitan da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke masa shekara huɗu.

A ganina nan ne darasin ya fi nauyi, kuma shi masu ba da lacca kan nasara suka fi tsallakewa. Amfanin gwaji ba gyara kaya kaɗai ba ne, yana gaya maka iya abin da za ka ɗauka. Atisayen ya faɗi gaskiya, an ga alama, amma an riga an sayar da tikiti, ga bashi mai yawa a kansa, ga ma'aikata suna jiran albashi; ba wanda ya iya cewa a tsaya. A fim ɗin ana jin sa yana cewa yana tattalin muryarsa, ba zai sake ta duka a atisaye ba. Ya iya tattalin murya, jikin ne aka yi wa lodin da ya wuce kima.

Ba sai mun je Amurka ba. Kafin Babbar Sallah za ka ga mutum ya karɓi kafin alkalami na raguna ɗari alhali arba'in yake iya haɗawa. Direba ya ɗauki sawu uku a makon da biyu ne daidai, sai ya nemi taramol ko wata ƙwaya don ido ya tsaya. Ƴan dako ma haka, makiyaya matasa ma haka in tafiya ta yi nisa. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, gajiyar take rufewa, kuma mun sha jin masu farfaɗiya da masu faɗawa rami da mota saboda ita. Maigidan da ya ga yaronsa ya kwana biyu bai runtsa ba kuma ya miƙa masa makulli, shi ma yana da kaso a abin da zai biyo baya.

Bayan mutuwar, kamfanin ya ba masu tikiti zaɓi: ko a mayar musu da kuɗinsu, ko su riƙe takardar don tunawa, kuma wasu sun riƙe. Wanda ya ba ka kuɗin raguna a Kano ba zai riƙe rasit don tunawa ba.

Mako mai zuwa za mu koma kan takardun rigakafin dabbobi da ake tambaya a kan iyaka. Mai tambaya ya aiko tun da wuri.