Gida a bakin teku a Saifurus: filin na waye?

Duk mai yawo a Facebook da Instagram ya taɓa cin karo da tallan nan: farin gida, wurin ninƙaya a tsakar gida, Bahar Rum na ƙyalli a bayansa, farashi kuma a fam ɗin Ingila, a biya kaɗan-kaɗan. Da yawa daga cikin gidajen suna arewacin tsibirin Saifurus ne, wajajen Girne da Iskele, inda ɗaliban Najeriya suka yi yawa a jami'o'i. Ta nan tallan ya iso kunnen iyaye da 'yan kasuwa. Dillali zai ce maka rana ba ta yankewa, 'yan yawon buɗe ido za su kama haya, kuɗinka ya dawo. Abin da ba ya saurin faɗa shi ne tarihin ƙasar da aka ɗora ginin a kai.

A 1974, bayan juyin mulkin da sojojin Girka suka ɗaure wa gindi, Turkiyya ta shigo da dakarunta, tsibirin ya rabu biyu. Girkawan tsibirin fiye da 150,000 suka tsere kudu, suka bar gidaje da gonakin zaitun, Turkawan kudu su ma suka koma arewa. A 1983 arewa ta ayyana kanta jamhuriya, amma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Hukumomin arewa sun rarraba filayen da aka bari, sun ba da sabbin takardu. A idon gwamnatin kudu da kotunan Turai kuwa, mai fili na asali shi ne mai fili.

Shi ya sa takardar mallaka a can ta kasu kashi-kashi. Akwai ta filin da tun kafin 1974 na Baturke ne ko na baƙo, wadda ba ta da rigima, kuma ta fi tsada. Akwai ta musaya, wadda aka ba wanda ya bar nasa filin a kudu. Akwai kuma ta rabo, wadda hukuma ta ba tsofaffin mayaƙa da waɗanda suka zo daga Turkiyya. Biyun ƙarshe galibi filayen Girkawa ne, kuma daga nan arahar ta samo asali. Araha dai ba ta ado.

Wasu ma'aurata 'yan Birtaniya, David da Linda Orams, sun ɗanɗana kuɗarsu. Sun gina gidan hutu a Lapta da ke arewa, kan filin wani Bagirken tsibirin mai suna Meletis Apostolides. A 2004 kotun kudu a Nikosiya ta ce su rushe ginin, su mayar da fili, su biya diyya. Suna ganin hukuncin ba zai ƙetare iyaka ba, sai ga Kotun Tarayyar Turai a 2009 ta ce ana iya zartar da shi a kan dukiyarsu ta Ingila. Ƙarshe dai suka bar gidan. Dokar kudu ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga mai cinikin irin wannan fili, kuma daga 2024 an kama 'yan ƙasashen waje da suka yi dillancinsa, an ɗaure wasu.

Kudun ma ba a shiga ido rufe. Shirin ba da fasfo ga mai zuba yuro miliyan 2, an soke shi a 2020 bayan binciken Al Jazeera ya bankaɗo almundahanar da ke ciki.

Saboda haka kafin ka ba da kafin alƙalami, ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda mai gini ya haɗa ka da shi ba. A duba ko akwai jinginar banki a kan filin, a yi rajistar yarjejeniyar a ofishin filaye, a nemi izinin Majalisar Ministoci da ake buƙata daga baƙo. Sannan a tambayi dillali sunan wanda ke kan takardar filin kafin 1974. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.