Ruwan Tafki Da Ruwan Rijiya

Ya ku manoma da dagatai, duk wanda ya manyanta a cikinku ya san kurkunu. Ciwo ne mai zuwa da damina, daidai lokacin da gona ke bukatar kowa. Sai ka ga ƙato kwance a zaure, ƙafa ta kumbura, ana naɗe tsutsa a jikin tsinke kaɗan kaɗan, ciyawa kuwa tana can tana cin gero. A da waɗansu sun ce jifa ne. Ba jifa ba ne, daga ruwan sha yake.

Ga yadda abin yake. Kadan mai kurkunu ya tsoma ƙafa cikin tafki domin ya ji sanyi, sai tsutsar ta zubar da 'ya'yanta dubbai. Akwai waɗansu ƙwari ƙanana cikin ruwan, da ƙyar ido ke ganinsu, su ne ke haɗiye 'ya'yan nan. Wanda ya sha ruwan ya sha har da su, bai sani ba. Sai bayan kamar shekara guda tsutsa ta fasa fata ta fito, tsawonta ya kan kai ƙafa 3.

Da aka yi ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ciwon ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Sai aka dage da tace ruwa da ƙyalle, da hana masu ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi. Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta zagaya ƙauyuka domin wannan aiki. An ga mai ciwon na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Amma a Cadi yana nan, galibi a jikin karnuka.

To, kada ku saki jiki, gama ƙyalle kaɗai ba ya isa ya tare kwalara. Ita daga kashin mutum take shiga ruwa, rijiya ma ba ta tsira ba in an yi sakaci. Kada a haƙa salga kusa da rijiya, a bar aƙalla ƙafa 100 tsakaninsu, salgar kuma ta kasance ta gangare. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi. Guga da igiya a rataye su, kada a yar a cikin caɓi. Shanu a sa musu kwami can gefe. Wanda ya gama feshin gona kada ya kuskura ya wanke abin feshinsa a tafki.

Wannan duka aikin dagaci ne da masu unguwanninsa, tun da rijiyar gari ba ta da mai ita. Kadan kuwa amai da gudawa ya ɓulla a gari, a tafasa ruwan sha, a rufe randa, a keɓe mata moɗa guda, a kuma aika wa malamin asibiti a ranar.