Dutsen Kufena da Abin da Za Mu Gaya wa Yaranmu

Duk baƙon da ya zo Wusasa, abu na fari da zai gani shi ne Dutsen Kufena, yana tsaye yamma da birnin Zariya. Mu da muke zaune a gindinsa mun saba da shi har ba mu ɗaga kai mu dube shi. Yaran makarantarmu sukan hau shi lokacin hutu, amma in ka tambaye su labarinsa sai su yi shiru.

Bisa ga tarihin Zazzau, a zamanin Bakwa Turunku, wajen shekara ta 1536, aka bar Turunku aka kawo gadon sarauta Kufena. Har yau ana ganin kufan tsohuwar ganuwa a wajen. Me ya sa mutanen dā suka so zama kusa da dutse? Na ɗaya, in yaƙi ya taso akwai mafaka. Na biyu, akwai ruwa da ƙasar noma a gindinsa. Na uku, sun gaskata iskoki suna zaune a kan duwatsu, sai a kai musu hadaya domin a sami damina mai albarka.

Haka yake a Kano. Tarihin Kano ya ce Barbushe, babban mai tsafin Tsumburbura, a kan Dutsen Dala yake zaune. Sau ɗaya a shekara jama'a sukan taru da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da bunsuru, shi kaɗai yake shiga wurin tsafin, sa'an nan ya fito ya faɗa musu abin da zai faru.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Japan akwai Dutsen Fuji, tsawonsa mita 3,776, a bisa ƙwanƙolinsa kuwa akwai ɗakin sujada na addinin Shinto. Masu bin wannan addini sun gaskata akwai ruhohi, waɗanda suke kira kami, a cikin duwatsu da itatuwa da koguna. Daga watan Yuli zuwa farkon Satumba mutane dubbai sukan hau, waɗansu da dare domin su ga fitowar rana. A wuraren sujadarsu mai ziyara yakan bi ta wata ƙofa da ake kira torii, ya wanke hannu da baki, ya sunkuya sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sāke sunkuyawa. Sai a 1872 aka ɗage dokar da ta hana mata hawan dutsen. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

To, yaya ya kamata iyalin mai bi su ɗauki irin waɗannan wurare? Waɗansu iyaye sukan tsorata yara, su ce kada su je, akwai aljanu. Waɗansu kuma sukan yi wa kakanni ba'a. Dukansu biyu ba su taimaki yaro ba. Gama wanda aka rena da tsoro, ran da ciwo ya same shi wurin boka zai nufa a ɓoye. Wanda kuwa aka koya masa raini, zai girma bai san asalinsa ba.

A 1929 mishan na C.M.S. ya tashi daga cikin birni ya dawo Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da laka, irin ginin Hausa, a gindin wannan dutse. Waɗanda suka gina ta ba su ji tsoron Kufena ba, ba su kuwa ƙi ƙasar da suka fito ba.

Ya ku iyaye, ku kai yaranku da kanku. Ku tashi da sassafe, ku riƙe ruwan sha, kada ku hau bayan ruwan sama gama dutse yana da santsi. Kada yara su rubuta sunansu a jikinsa, ko su kwashe tsofaffin katanga na tukwane. In kun kai bisa, ku nuna musu ganuwar, ku gaya musu su wa suka zauna nan, abin da suka nema, da Wanda ya halicci dutsen. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau Kufena ba zai gani ba sai an nuna masa.