Rigar Sanyi Daga Tsohon Yadi

 Gaisuwa ta musamman gare ku matan Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye, ku da kuke saurarenmu daga cikin ɗaki ko gindin murhu.

Uwargida, kaka ta wuce, an kai amfanin gona rumbu, ga hunturu ya kunno kai. Daga Disamba zuwa Janairu kin san yadda asuba take: yaro zai fita makarantar allo yana karkarwa, leɓe ya tsage, tari ya ƙi ƙarewa. Rigar sanyi ta kanti kuwa, kuɗinta sai wane da wane. To yau buɗe adakarki za mu yi, domin mai yiwuwa rigar tana ciki, ɗinka ta ne kawai ba a yi ba.

Mu fara da yadin, don a nan ake yin kuskure. Abin da muke nema shi ne auduga ko lilin. Auduga kin san ta: tsohuwar atamfa, akoko, zanen gado, ko gwadon saƙa da kika gada wurin kaka. Shi lilin daga zaren jikin wani tsiro ake yin sa, wanda ake nomawa a ƙasashe irin su Faransa da Beljiyam. Yakan zo mana cikin gwanjo, a manyan rigunan maza ko mayafin tebur, irin waɗanda ake zubewa a Kofar Wambai a Kano. Za ki gane shi da saurin yamutsewa da sanyin taɓawa. Yana da ƙarfi, kuma kullum aka wanke shi laushi yake ƙarawa. Idan maigida zai shiga birni, ko zai je kasuwar Wudil ran Juma'a, ki ce ya duba miki babbar rigar da ba ta shiga kowa, ita ce mai arha, kuma ita ce mai yalwar yadi.

Ga gwajin da nake roƙon kada ki tsallake. Zare 'yan silalla daga gefen yadin, ki riƙe da tsinke, ki kai bakin wuta, ruwa na kusa da ke. Idan ya ci wuta ya bar toka mai laushi, yana ƙauri kamar takarda, auduga ce ko lilin. Idan kuwa ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar leda, yadin roba ne, ki ajiye shi. Dalili? Yaranmu da jin ɗumi suke kwana su tashi a hunturu. Yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata, ƙunarsa ta fi muni. Ba wai auduga ba ta cin wuta ba ce, tana ci sosai, don haka ko da wace riga, a sa ido a kan yaro a bakin wuta.

Sai wanki. Ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki shanya a rana, ki goge. Duk abin da zai tsuke ya tsuke yanzu, kada sai kin gama wahala riga ta koma ta ƙaninsa. Sannan ki ɗaga yadin ki kalli rana ta cikinsa. Inda haske ya ratso da yawa ya mutu. A zane yawanci tsakiya ce take mutuwa, wurin zama, gefe da gefe kuwa suna nan da ƙarfinsu.

Yanka ba ya bukatar takardar tela. Shimfiɗa rigar yaron da take yi masa daidai a kan yadin, ki zana da guntun sabulu, ki ƙara faɗin yatsa uku ko'ina saboda ɗinki da kauri. Baya ƙyalle ɗaya, gaba biyu, hannu biyu. Ki sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata kamar yadda ake yi wa taguwa, don kada ta yage in ya ɗaga hannu. Idan yadin bai kai ba, a bar hannu, a yi falmaran. Ƙirji dai shi ne abin rufewa.

Ɗumin kuwa ba daga kaurin yadi ɗaya yake zuwa ba, daga iskar da ke maƙalewa tsakanin ninki ne. Saboda haka ninki uku za ki yi: mai kyau a waje, wanda ya koɗe a tsakiya inda ba mai ganinsa, mai laushi a ciki a matsayin shafi. Ki haɗa su da ɗinkin hannu layi-layi, tazarar yatsa biyu, don kada na tsakiya ya tattare bayan wanki. Matan Bangaladash da gabashin Indiya sun daɗe suna haɗa tsofaffin zannuwansu haka, suna kiran aikin kanta, har ƙasashen waje ake sayensa. Ki tuna lilin yana zarewa a baki, sai an kalmashe shi sau biyu.

Yanzu ado. Duk macen da ta iya ɗinkin hula ta gama iya wannan. Matan birnin Zariya ma da allurar hannu suke yi wa manyan riguna aiki daga cikin gidajensu, suna samun na kansu. Ni a ganina zare kala ɗaya ko biyu ya wadatar. Shuɗi irin na baba a kan farin lilin ya fi tarkacen kala bakwai. Ki bi wuya da bakin hannu da ɗinkin sarƙa, ki sa ɗan dagi ko tambari a aljihu. Inda akwai tabon manja ko ɗan huji, nan za ki ɗora fure ko maho mai siffar ganye, ba mai sanin abin da ke ƙasa. Amma ki jiƙa zaren tukuna ki matse a farin ƙyalle. Na taɓa yin sati biyu a kan rigar ɗiyata da jan zare, wanki ɗaya ya mai da ita kamar an zuba mata zoɓo.

Duwatsun ado da ƙananan maɓallai, a bar wa manya. Yaron da bai kai shekara 3 ba komai baki yake kaiwa, kuma abin zai iya shaƙe shi. A yi masa igiya gajera ta yadin a ƙirji, ba a wuya ba.

Ki fara da ta ƙaramin yaro, ita ce ba ta cin yadi, kuma kuskurenta ba ya ciwo. Idan maƙwabta sun gani sun yaba, kafin ki faɗi kuɗi ki lissafa zare da sabulu da gawayin guga, ki kuma lissafa kwanakin da kika yi. Mu mata mun saba mantawa da wannan na ƙarshen. Sannan ki yi aikin da rana a inuwar tsakar gida, kada ki ƙure idonki a hasken aci-bal-bal.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake huda gidan maɓalli da hannu. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.