Saƙar Zumar Da Ke Rage Wa Agege Ƙarar Jiragen Sama

A Zangon Agege, ba baƙon abu ba ne mai goro ya katse magana ana tsakiyar ciniki, ya jira jirgi ya wuce. Unguwar tana arewa da filin jirgin saman Murtala Muhammed na Ikeja, titunan saukarsa biyu kuma sun miƙe ne daga arewa zuwa kudu, don haka jirgin da ke gangarowa daga arewa kan ratsa ta saman rufin jama'a.

A lokacin sauka, kaso mai tsoka na ƙarar yana fitowa ne daga ƙatuwar fankar da ke bakin injin. Maganin da injiniyoyi suka samar yana lulluɓe a bangon wannan baki, inda fasinja ba ya lura da shi. Shimfiɗa ce mai hawa uku: falle mai dubban ƙananan huji a sama, ɗakuna irin na saƙar zuma a tsakiya, sai falle marar huji a baya. Idan sauti ya shiga ta hujin, iskar kowane ɗaki takan yi kai da komo kamar ta kwalbar da aka hura bakinta, gogayyar kuma ta cinye ƙarfin sautin. Masanin Jamus Hermann von Helmholtz ne ya yi bayanin wannan ɗabi'a tun a ƙarni na 19.

Wahalar tana wajen awo. Zurfin ɗaki shi ke zaɓar irin sautin da zai shanye: marar zurfi na kama siririn sauti, mai zurfi na kama mai kauri. Injunan zamani kuwa fankarsu ta ƙara girma, juyinta ya ragu domin tsimin mai, sai muryarta ta yi kauri. Ke nan ana bukatar ɗakuna masu zurfi a daidai lokacin da ake son kwanson injin ya zama gajere, marar nauyi. Ko mahaɗar falle da falle tana lalata aikin, shi ya sa Airbus ya yi wa A380 shimfiɗa marar mahaɗi.

Abin da ya shafi masu riƙe da fayil a Abuja shi ne shekarun jirgi. Ƙa'idar Babi na 14 ta hukumar ICAO, wadda ta soma aiki a ƙarshen 2017, ta fi ta 2006 tsauri da desibel 7 a jimlace, amma sababbin samfura kawai ta ɗaure. Tsohon jirgi yana nan da tsohuwar muryarsa, muddin hukumar NCAA ta yi masa rajista. A 2021 Air Peace ya soma karɓar Embraer E195-E2, mai injin sabon yayi, alhali Boeing 737 samfurin shekarun 1980 suna ci gaba da sauka a kan titi ɗaya da shi, ta saman Agege.